Asali da Mubaya'a a Ƙasar Gwandu

Wanda ya ɗauka jihadin Shehu Usmanu yaƙi ne tsakanin Fulani da Haɓe kurum, lalle bai yi nazarin tarihin Gwandu da idon basira ba. A shekarar 1805, sa'ad da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, ya kori Sarki Muhammadu Fodi, Bakabe aka naɗa a gurbinsa, wato Usmanu Masa, ɗan sarautar gidan, domin abin da jama'a suka duba a wannan zamani shi ne mubaya'a, ko da yake shi Masa ɗin ya warware alkawari a yaƙin Alwasa. Haka kuma Malam Abdussalami, wanda Ba'are ne ba Bafulatani ba, yana cikin manyan almajiran Shehu kafin saɓani ya shiga tsakaninsa da Bello ɗan Shehu.

Amma nasaba ba ta rasa ƙima ba, gama Abdullahi da kansa ya rubuta asalin danginsa Toronkawa. Gabar da Yakubu Nabame, ɗan sarautar Kabi, ya tayar a 1849 ce ta ƙara kaifafa sunan Kabawa.