Harajin Gemu a Ƙasar Rasha

A shekarar 1698 Sarki Peter na Farko ya koma Mosko bayan ya shafe fiye da shekara yana zagaya Turai. Da manyan fadawa suka zo gaisuwa, sai ya shiga datse musu gemu da hannunsa.

Wannan ba ƙaramin cin fuska ba ne. A Rasha ta wancan zamani gemu shi ne cikar namiji, kuma cocin ƙasar yana ɗaukar aske shi a matsayin zunubi. Shi kuwa Peter, da ya ga manyan Holan da Ingila fuska a aske, sai ya ɗauki gemu alamar ci baya.

A 1705 doka ta fito: duk mai son gemunsa sai ya biya haraji. Manyan attajirai rubul 100 suke biya a shekara, talakan ƙauye kuma ɗan ƙaramin kuɗi duk lokacin da zai shiga birni. Limaman coci an ɗauke musu. Wanda ya biya, ana ba shi ƙwandala mai hoton hanci da gashin baki da gemu, ya riƙa yawo da ita a madadin rasit.

Sai a 1772 aka soke harajin. Da Alexander na Uku ya hau mulki a 1881, da cikakken gemu ya yi sarauta, fadawa suka koma tara nasu. Abin da ake kira kwarjinin namiji, sau da yawa fuskar mai mulki yake bi.