Zare: Daga aika faci ta imel zuwa miƙa wa AI makullin GitHub

1/ Makon jiya na haɗa wani mataimakin AI da asusuna na GitHub don ya taya ni furojet ɗin rukuninmu. Na ce ya duba ƙorafin da abokina ya buɗe kan shafin shiga. Kafin shayina ya huce ya karanta, ya gyara fayil uku, ya turo gyaran yana jiran amincewata. Na ji daɗi sosai. Sai da dare na fara tambayar kaina wane irin makulli na ba shi. Tambayar ta mayar da ni baya shekara fiye da 20. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da Linux. A shekarun 1990, in ka gyara wani abu a kod ɗinsa, imel kake turawa ɗauke da bambancin tsohon rubutu da sabo. Sunan abin faci, kamar dai na taya. Linus Torvalds da amintattunsa su karanta, su karɓa ko su yi watsi. Kowa na iya turowa, amma masu ikon shigar da gyara cikin babban rumbu tsiraru ne. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake juyawa.

3/ Aiki ya yi wa Linus yawa, a 2002 suka koma amfani da BitKeeper na Larry McVoy. Manhajar kamfani ce, kyauta aka ba su bisa sharaɗi. A 2005 rigima ta tashi bayan Andrew Tridgell ya bincika yadda take magana da sabarta, kamfanin ya janye kyautar.

4/ Me Linus ya yi? Ya zauna farkon Afrilun 2005 ya rubuta Git. Cikin 'yan kwanaki Git ya fara adana tarihin kansa da kansa. Zuwa Yuli ya miƙa wa Junio Hamano ragamar, ya koma kan Linux ɗinsa. Mu kuma furojet ɗin zango guda na neman kashe mu 😭

5/ Abin da Git ya canza shi ne kowa yana da cikakken kwafin rumbu a kwamfutarsa. Ka yi reshenka, ka yi ɓarnarka, babu wanda ya shafa. Sai ka ce wa mai babban rumbu: ga aikina, ja ka gani. Shi ke da zaɓi.

6/ A Afrilun 2008 aka buɗe GitHub. Tom Preston-Werner, Chris Wanstrath da PJ Hyett na cikin waɗanda suka kafa shi. Sun ɗauki wancan "ja ka gani" suka mai da shi shafi mai maɓalli, abin da muke kira PR. A nan ake ganin gyara layi-layi, a yi muhawara, wani ya ce sake wannan, a ƙarshe mai iko ya danna kore.

7/ To daga nan na'urori suka fara shigowa, tun kafin zancen AI. GitHub yana iya aika sanarwa ga wata saba duk lokacin da aka turo gyara. Travis CI, wanda ya fito a 2011, da wannan ya dogara: ka turo kod, ya gudanar da gwaje-gwaje, ya liƙa maka alamar kore ko ja. Sai Dependabot, mai buɗe PR da kansa in wata manhaja da ka jingina da ita ta tsufa. GitHub ya saye shi a 2019, kuma a ƙarshen shekarar GitHub Actions ya buɗe ga kowa.

8/ Waɗannan bot-bot ɗin suna da wata ni'ima: ba sa jin magana. Abin da aka tsara musu kawai suke yi. Ka rubuta wa Dependabot doguwar wasiƙa a ƙorafi kana roƙonsa ya turo maka sirrin wani, ko kallo ba ka ishe shi ba.

9/ A gefe kaɗan: Microsoft ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Mutane da yawa sun tsorata a lokacin, wasu suka kwashe kayansu zuwa GitLab. Shekara uku bayan haka, 29 ga Yunin 2021, Copilot ya fito, an gina shi kan Codex na OpenAI, wanda aka horar da kod ɗin da jama'a suka ajiye a fili. A Nuwamban 2022 aka shigar da ƙara a Amurka kan batun lasisi. Wannan zare ne na daban, wata rana.

10/ Copilot na farko ba shi da hannu. Yana zaune cikin editarka, ya ba ka shawarar layi na gaba, kai ke karɓa, kai ke turawa. In ya yi shirme kuma ka tura, kai ka tura.

11/ Tambayar da ta biyo baya: zai iya ɗaukar ƙorafi na gaske ya warware shi kaɗai? A Oktoban 2023 masu bincike daga Princeton suka fitar da jarrabawar SWE-bench: ƙorafi 2,294 daga rumbunan Python 12 na GitHub. Wanda ya fi kowa a lokacin, Claude 2, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kashi 2 fa. A Maris 2024 kamfanin Cognition ya nuna Devin da kusan kashi 14 kan wani yanki na jarrabawar, intanet ta ɗauka. Daga nan alƙaluman suka yi ta hawa.

12/ Saura hanyar haɗi. Da, kowane mataimaki sai an ƙera masa tasa wayar zuwa kowane dandali. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fitar da MCP, ƙa'ida ɗaya da kowa zai iya bi, kamar yadda caja ɗaya ta USB-C ke shiga wayoyi daban-daban. Saba ta gaya wa mataimakin abubuwan da zai iya yi: karanta fayil, duba ƙorafi, buɗe reshe, tura PR. Shi kuma ya zaɓi wanda zai kira. OpenAI ya karɓi ƙa'idar a Maris 2025, GitHub ya fitar da tasa sabar a Afrilu, a Mayu kuma ya sanar da wakilin Copilot da za ka ɗora wa ƙorafi kamar yadda kake ɗora wa abokin aiki.

13/ A watan Mayun nan dai na 2025 wani kamfanin tsaro a Zurich, Invariant Labs, ya nuna gwajin da ya sa na kasa barci makon jiya. Ga yadda yake. Kana da rumbu na fili da rumbu na sirri. Wani baƙo ya buɗe ƙorafi a na filin, ya ɓoye umarni a ciki. Kai kuma ka ce wa mataimakinka ya duba ƙorafe-ƙorafe. Ya karanta, ya ɗauki maganar baƙon a matsayin aiki, ya shiga rumbun sirri, ya kwaso bayanai, ya zuba su cikin PR a rumbun fili inda kowa ke gani.

14/ Ba a fasa sabar GitHub ba, ba a saci kalmar sirri ba. Makullin da mai asusu ya bayar da hannunsa aka yi amfani da shi. Matsalar ita ce a wurin irin wannan AI, umarninka da rubutun da ya tsinta a hanya duk rubutu ne, kogi ɗaya suke bi su shiga kansa. Simon Willison ya raɗa wa wannan hari suna tun Satumban 2022, ma'anarsa cusa umarni, kuma har yau ba a samu maganin da ya kashe shi gaba ɗaya ba.

15/ Willison ya ce haɗarin na cika ne in abu uku suka haɗu a hannun mataimaki ɗaya: yana ganin bayanan sirri, yana karanta rubutun da kowa zai iya sakawa, kuma yana da hanyar fitar da abu waje. Ka duba GitHub da babban makulli. Duka ukun suna nan zaune.

16/ Ni a ganina wanda ya ce a daina haɗa su bai yi aikin rukuni da mutum biyar a daren da za a miƙa ba. Amfanin gaskiya ne. Amma kuma PR ɗin da ke zuwa sai wani ya karanta. Ku tuna Hacktoberfest na 2020, lokacin da aka yi wa masu kula da rumbuna ruwan PR na banza saboda rigar kyauta. Mutane ne ma wannan, masu gajiya. Daniel Stenberg na curl tun farkon 2024 yake kukan rahotannin ƙarya da AI ke rubutawa suna cinye masa lokaci. Rubutawa ta yi arha, dubawa tana nan da tsadarta.

17/ Abin lura, da GitHub ya tashi tsara wakilinsa, sai ya koma tsohon tsarin Linus: wakilin na turawa ne a reshen da shi ya buɗe, ba ya haɗewa da babban reshe, sai mutum ya duba ya amince.

18/ Yanzu ikirari 🙈 Makullin da na ƙirƙira tsohon samfuri ne, wanda in ka zaɓi izinin rumbu yake buɗe dukkan rumbunanka. Data na ƙarewa, na danna komai na wuce. Cikin rumbunan sirrina akwai manhajar da nake yi wa shagon yayana, da fayil mai lambobin kwastomominsa. Rumbun furojet ɗinmu kuwa a fili yake, kowa na iya buɗe ƙorafi.

19/ Alhamdulillahi babu abin da ya fita, na bi tarihin ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Na goge makullin a daren. GitHub yana da sabon samfuri tun Oktoban 2022 wanda kake zaɓar rumbu ɗaya da izini ɗai-ɗai. Na ba shi furojet kaɗai, wa'adin kwana 30, na kulle babban reshe sai da amincewar mutum ɗaya. Fayil ɗin lambobin kuma na cire shi, amma yana nan cikin tsohon tarihin Git, goge shi daga can ne aikin ƙarshen makon nan.

20/ Abokin rukunina har ya fara mita wai na ƙara mana aiki, yanzu sai ya karanta kowane PR kafin ya danna. Guda huɗu na jiransa tun safe, kuma na san yana karanta zaren nan. Malam, je ka duba.