Kiɗan zamani a kan tsoffin finafinai marasa sauti: misalin Nanuk

Gabatarwa

Abin da muke son dubawa a wannan takarda shi ne yadda kiɗa yake sake ma'anar fim alhali hoton bai sake ba. Finafinan da aka yi kafin 1927 ba su ɗauke da sauti, amma ba a cikin shiru ake kallon su ba: mai piyano ko ƙungiyar makaɗa ke zama gaban allo suna raka hoto. Don haka duk lokacin da aka fito da irin wannan fim, sai an sake yanke shawarar abin da kunne zai ji.

Fim ɗin da asalinsa

Amurkawa sun fara ganin Nanuk na Arewa a birnin Niyok cikin watan Yuni na 1922. Robat Filahati ne ya ɗauke shi tsakanin 1920 da 1921 a Inukjuwak, arewacin Kebek ta ƙasar Kanada, da kuɗin kamfanin fatu na Revillon Frères. Mutumen da aka kira Nanuk, sunansa na gaskiya Allakariyallak. Mun san yau cewa an shirya wurare da dama: an sa shi farauta da mashi ko da yake Inuwit na amfani da bindiga a lokacin, an kuma nuna shi yana cizon faifan garmaho tamkar bai taɓa ganin irinsa ba.

Kiɗe-kiɗen da aka ɗora masa

A 1947 an sake fito da fim ɗin da muryar mai bayani da kiɗan Rudolf Shiram. A shekarun 1970 Sitanli Silbaman ya tsara wani kiɗan, sannan Timoti Burok ya yi nasa a shekarun 1990. Duka waɗannan daga al'adar kiɗan Turai suka fito, wato mai kallo yana ganin Inuwit amma yana jin su da kunnen baƙo.

Abin ya sake a 2012, da bikin finafinai na Toranto ya nemi Taniya Tagak, mawaƙiya ƴar Inuwit daga Nunabut, ta raka fim ɗin. Ta yi amfani da waƙar maƙogwaro, wadda matan Inuwit suka gada, wadda kuma ƴan mishan suka daɗe suna hanawa. Tare da mai goge da mai ganga, takan tsaya gaban allo tana numfashi, tana gurnani, tana kuka. Wurin garmaho, wanda aka shirya don a yi dariya, sai ya koma wurin da dariya ke yi wa mai kallo nauyi.

Kammalawa

A ganinmu, sabon kiɗa sharhi ne a kan tarihi, kuma ya kamata a san mai sharhin. Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ayarin motocin Citroën ya ratsa Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924, kuma Lewon Puwariye ya fitar da fim ɗin tafiyar a Paris a 1926. Kakanninmu na cikin waɗannan hotuna, bakinsu na motsi, ba a jin abin da suke faɗi. Ranar da za a nuna su a Damagaram, tambayar da ke gabanmu ita ce: wa zai riƙe ganga, kuma me zai sa ta faɗi?