Gano Dalilin Mutuwar Batirin Mota: Bayani Ga Direbobi Da Jami'an Ƙaramar Hukuma

A garuruwa irin su Kutemeshi da Kuyello, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, motar da ta ƙi tashi tana iya hana kai mara lafiya asibiti ko kai masara kasuwa, kuma tsayawa a tsakiyar daji bayan faɗuwar rana hatsari ne. Sau da yawa ana ɗora wa batir laifi a sayi sabo, alhali matsalar tana wani wuri dabam.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kowanne yana bayar da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika, mita za ta nuna 12.6 yayin da injin yake kashe. In ta nuna 12.0 ko ƙasa da haka, wutar ta yi ƙasa ƙwarai. Idan kuma ta tsaya a wajen 10.5 ko bayan an yi caji, akwai alamar ɗaki ɗaya ya lalace, kuma irin wannan batir sai canji.

Kafin a kai ga mita, a fara duba kan batir. Gargadar hanyoyin karkara tana kwance ƙusoshin da ke riƙe da wayoyi, sannan farin gari ko kore da ke taruwa a kan yana tare wuta. Alamarsa ita ce fitilu su kama, amma da an murɗa makulli sai a ji ƙas-ƙas, komai ya ɗauke. A cire wayar da ke da alamar (-) tukuna, a wanke kan da ruwan zafi, a goge, a ɗaure tam. A duba kuma wurin da baƙar waya ta haɗu da jikin mota, domin tsatsa a nan tana kawo irin wannan cikas.

Idan mota ta tashi da turi ko da taimakon wani batir, a sake awo injin yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai wuce 12.6 ba, altaneta ba ta caji, ko dai fanbel ya saki. Al'adar nan ta cire kan batir injin yana aiki don gwada altaneta kuskure ce, tana iya ƙona kwamfutar motocin zamani.

Batirin da yake mutuwa cikin dare kuwa, wani abu ne ke shan wutarsa: rediyo, fitilar ciki, ko cajin wayoyin salula da ake yi a ƙauyukan da babu lantarki. An ƙera batirin mota ne don tayar da injin, kuma yawan zuƙe shi ƙarƙaf yana rage masa kwana. Haka ma motar ofis da aka ajiye tsawon damina ba a tayar da ita.

Zafin watannin Maris da Afrilu yana ƙafar da ruwan batir. A batirin da ake buɗewa, a ƙara tataccen ruwan batir kawai har ya rufe farantan ciki. Ruwan rijiya da asid ba su dace ba. Kada a kusanto da ashana ko taba wajen dubawa, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.