Daga buɗe ƙofa zuwa samun abokin aiki: abin da tarihin Georgia Tech ya koya mini

'Yan'uwa ɗalibai, tun da wannan fitowa ta tunawa da baya ce, na ga ya dace in waiwayi tarihin ajujuwan injiniya da yawancinmu muke zaune a ciki yau a Amurka. Kujerun nan ba haka kawai muka same su ba.

Mu ɗauki Georgia Tech da ke birnin Atlanta. An fara karatu a cikinta a 1888, kuma fiye da shekara sittin babu mace a ajinta na rana. Sai a 1952 aka karɓi mata biyu na farko, kuma ba kowane fanni aka bar su su shiga ba. Sai 1968 aka buɗe musu dukkan fannoni. Baƙar fata kuwa sun jira har 1961. A farkon shekarar, tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Jojiya bayan kotu ta tilasta karɓar Charlayne Hunter da Hamilton Holmes. Da Georgia Tech ta ga haka, sai ta karɓi Ford Greene da Ralph Long da Lawrence Williams a watan Satumba, ba tare da jiran umarnin kotu ba.

To, amma shiga daban, zama daban. Baƙar fata na farko da ya kammala a can shi ne Ronald Yancey, a fannin injiniyan lantarki, a 1965. Ya ba da labarin yadda ɗalibai suke barin kujerun da ke kewaye da shi babu kowa, da yadda yake yin aikin ɗakin gwaje-gwaje shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa haɗa wayoyi a kan allo yana kuma rubuta sakamako ya san aikin mutum biyu ne. Ai injiniya ba karatun kaɗaici ba ne. A 2019 makarantar ta kafa mutum-mutumin Yancey da na waɗancan ukun.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a tsakiyar shekarun 1970. Ya lura ɗalibai baƙar fata masu ƙoƙari suna faɗuwa a kalkulas, darasin da ba a zama injiniya sai an wuce shi. Da ya bibiyi yadda suke karatu, sai ya tarar kowa na rufe ƙofa yana fama shi kaɗai, alhali ɗalibai 'yan asalin Sin suna haɗuwa da yamma, suna duba aikin juna, suna gyara wa juna kuskure. Maganin da ya kawo shi ne zama na rukuni inda ake ba su tambayoyi masu wuya, ba a ɗauke su a matsayin raunana masu buƙatar a sassauta musu ba. Sakamakonsu ya tashi, kuma jami'o'i da yawa suka kwaikwayi tsarin. A wannan zamanin ne kuma, a 1975, ɗalibai suka kafa ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata ta ƙasa, NSBE, a Jami'ar Purdue.

Kun ga inda zancen ya dosa. Mu da muka zo daga Kano, Damagaram ko zangon Kumasi, doka ba ta hana mu shiga aji, amma kaɗaicin nan yana nan. Ɗalibi yakan yi shiru saboda tsoron a yi wa lafazinsa dariya. 'Yar'uwa takan zama mace ɗaya tilo a rukuni, a miƙa mata rubuta rahoto, maza su riƙe na'ura. Wani kuma yakan rasa zaman rukuni saboda an sa shi daidai lokacin sallar Juma'a, ya kasa buɗe baki ya nemi a canza.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce manya da suka wuce kalkulas da fiziks su riƙa zama da sababbin zuwa kowane mako tun farkon zango, kafin jarrabawa ta matso. A rukuni, a riƙa juya aiki, kowa ya taɓa na'ura, kowa ya rubuta rahoto. Idan kuma kuka ga wani na zaune shi kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje, ko daga wace ƙasa yake, don Allah ku ja kujera kusa da shi.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu.