Akwatin da ke tambayar "wane ne kai?" kafin imel ya tafi

Yau tarihin wani ɗan akwati zan kawo muku, wanda duk mai saita imel a kwamfuta, a Outlook ko Thunderbird, yake cin karo da shi: wurin da sabar tura saƙo ke neman sunanka da kalmar sirri.

A 1982, lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar SMTP a Amurka, babu wannan tambayar. Masu amfani da hanyar a lokacin 'yan jami'o'i ne da cibiyoyin bincike, akwai amana a tsakani. Saba kan karɓi wasiƙa daga hannun kowa ta isar. Da jama'a suka yawaita a shekarun 1990, sai 'yan talla da 'yan damfara suka samu ƙofa a buɗe. Mu 'yan Najeriya mun ga abin da ya biyo baya: wasiƙun 419 suka zubar mana da mutunci, suna ma cikin dalilan kafa EFCC a 2003.

A 1998 aka ware wa mai tura saƙo ƙofa mai lamba 587, a 1999 kuma aka fito da tsarin tantance shi da suna da kalmar sirri. To, ita ma kalmar ana sace ta. Shi ya sa a 2022 Google da Microsoft suka fara rufe shiga da ita kaɗai, suka karkata ga OAuth2: manhajar ta buɗe maka shafin kamfanin, ka shiga da hannunka, ita kuma izini kawai ake ba ta.

Abin da ke damuna, 'yan'uwana matasa, har gobe wasunmu na rubuta kalmar sirri a takarda su miƙa a shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, ko wajen gyara a Farm Centre, wai a saita musu. Alhali da imel ɗin nan suka yi rajistar JAMB da NYSC, ta nan saƙon banki da kiran aiki ke zuwa.

Don Allah ka saita da kanka: 993 don karɓa ta IMAP, 587 da STARTTLS don turawa, tantancewa kuma OAuth2. In kwamfutar shago ce, cire asusunka kafin ka tashi.

Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.