Asalin Zancen Cewa Baƙar Fata Ba Ta Jin Zafi

Zancen nan da ya daɗe yana yawo tsakanin waɗansu likitocin Turai da Amurka, wai baƙin mutum bai kai farin mutum jin raɗaɗin ciwo ba, a kasuwar bayi aka haife shi, domin wanda ya mallaki ɗan'uwansa ɗan Adam yana azabtar da shi ba ya rasa neman hujjar da za ta kwantar masa da zuciya. A shekarar 1787 wani likitan Ingila, Benjamin Moseley, wanda ya yi aiki a Jamaika, ya rubuta cewa baƙaƙe sun fi Turawa jure wuƙar tiyata, aka ɗauki wannan ƙage tamkar ilimi tabbatacce.

Daga 1845 zuwa 1849, a garin Montgomery na jihar Alabama, likita J. Marion Sims ya yi ta gwada fiɗa a kan waɗansu kuyangi masu yoyon fitsari, ba tare da maganin gusar da zafi ba, har ɗaya daga cikinsu, Anarcha, aka yi mata aiki wajen sau 30, alhali tun 1846 aka nuna amfanin maganin sa barci a Boston. Ƙarfen duba mahaifa da ya ƙera har yau yana ɗauke da sunansa, kuma aikin ɗinke yoyon fitsari da ake yi wa matanmu a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Gesse ta Birnin Kebbi yana da tushe a azabar waɗannan bayin Allah. Sai a 2018 aka cire gunkin Sims daga dandalin Central Park na New York.

Bauta ta ƙare, amma illarta ba ta gushe ba, gama a 2016 binciken Jami'ar Virginia ya nuna cewa kimanin rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitoci 222 sun gaskata aƙalla ɗaya daga irin waɗannan tatsuniyoyi, kamar cewa fatar baƙi ta fi kauri. Masu ciwon sikila, waɗanda galibinsu baƙaƙe ne, su suka fi shan wannan wahala, domin in ciwon ya tashi suka nemi magani mai ƙarfi, sai a zarge su da shaye-shaye.

Mu a ƙasar Zuru, inda saurayin Dakarkari kan shafe shekaru yana golmo, wato noman neman aure, a gonar surukinsa, inda mai naƙudar fari ke cije leɓe don kunya, juriya abin alfahari ce, kuma nan ne haɗarin yake, domin ma'aikacin asibiti na iya ɗaukar shirun majinyaci a matsayin sauƙi. Haƙuri ɗabi'a ce ta mai ciwo, ba ya ɗauke wa mai magani wajibinsa na ya tambaya, ya gaskata abin da aka faɗa masa, ya ba da magani gwargwadon zafin.